Wa Ya Kwashe Shanya?

Zaninta na ƙarshe take yarfewa za ta ɗora a igiya, sai idonta ya faɗa kan wata farar takarda da aka manna a jikin ƙarfen shanya. An sa ta cikin leda don kada ruwa ya taɓa ta, an rubuta kanta da jan alƙalami, har da ja masa layi biyu. Malama ta rataya zanin a kafaɗa, ta goge hannu a jikin siket, ta zaro waya. Wata uku ke nan da zuwanta ƙasar nan karatun digiri na biyu, kuma har yau yaren mutanen bai zauna mata a baki ba. A aji da Turanci ake yi, a waje kuwa gaisuwa da sayen burodi da tambayar hanya, nan ne iyakarta. In rubutu ya yi tsawo, waya take haskawa ta fassara mata.

Wayar ta ce: "Sanarwa ga duk mazauna gidan nan. Akwai ɓarawon tufafi a cikinmu."

"Innalillahi! Ɓarawo? A gidan nan?"

Ta ɗaga kai ta bi tagogin benen da kallo, hawa biyar, kowace taga a rufe da labulenta. Ashe shi ya sa duk makon nan ba mai shanya sai ita! Wato mutum ya baro gida ya tsallako teku, ya zo inda ake ajiye keke a bakin titi a kwana, nan ma sai ya tarar da masu ɗan hali. Ta kai hannu da sauri za ta cire farar rigarta ta ɗakin gwaje-gwaje, don ita ɗaya gare ta, in aka ɗauke ta shiga uku. Ɗayan hannun kuma yana jan rubutun sama.

"Abubuwan da aka sace: kayan jariri guda bakwai. Rigar aikin direba guda biyu, masu ruwan toka. Zanin gado ɗaya. Rigar sanyi shuɗiya, saƙar hannu, mai huji a gwiwar hannun hagu."

Hannunta ya tsaya a kan igiya. Hujin nan ta san shi. Ita ta ɗinke shi shekaranjiya da zare da allura, tana sauraron lacca a waya.

Ta nemi bakin dakali ta zauna. Kayan nan duk suna ɗakinta, hawa na uku, cikin kwando a bayan ƙofa. A ninke suke, a goge.

Yadda abin ya faru, ba wani abin mamaki a ciki. Kwana tara da suka wuce ta dawo daga makaranta da la'asar, ta ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska tana kaɗa kayan mutane a igiya, kuma ba ko kare a tsakar gidan. To me mutum zai yi? A gidan da ta tashi, gida ne na haya mai ɗaki goma sha ɗaya, duk wanda ya fara jin ƙamshin ruwa shi ke kwashe shanyar kowa. Tana 'yar shekara tara ta taɓa kwashe nasu ta bar na maƙwabta, Inna ta kama kunnenta ta murɗe. "Naki ne kaya, na mutane tsumma ne? Koma ki kwaso, 'yar baƙin ciki." Tun daga ranar, da ta ga hadari ƙafarta ke kai ta igiya ba tare da shawara da ita ba. Don haka ta kwashe, ta haye da su sama. Bayan kwana huɗu aka sake haɗa hadari, ta sake kwashewa.

Ta kuwa yi ƙoƙarin mayarwa, kada a zalunce ta. Ta ƙwanƙwasa ƙofa uku. Biyu ba a buɗe ba. Ta ukun wani mutum ya leƙo, ya dubi kwandon, ya dubi lulluɓinta, ya ce ya gode ba ya saye, ya mayar da ƙofa. Kunya ta hana ta zuwa ta huɗu. Ta ce a ranta ai mai kaya ba ya rasa baki, zai fito ya yi cigiya. Kullum ta dawo sai ta buɗe taga ta kasa kunne ko za ta ji an ce wa ya kwashe mini shanya. Shiru. Ganin kayan sun yamutse sai ta goge su. Ganin rigar direba ba maɓalli ɗaya sai ta sa mata. Har haushin masu kayan ta fara ji, mutane ba su damu da abinsu ba.

Ta koma kan wayar, ta karanta ƙarshen takardar. Za a yi taro yau ƙarfe goma a zauren shiga. In kaya ba su fito ba, ƙarfe goma sha biyu za a kira 'yan sanda. Duk wanda aka kama, in mazaunin gidan ne zai tashi kafin ƙarshen wata, in ɗalibi ne kuma za a rubuta wa jami'arsa. Ta dubi agogo. Tara saura kwata.

Wasiƙa zuwa jami'a! Ta san abin da wannan yake nufi, don ita ta sa hannu a takardar tallafin karatu, shafi na huɗu, inda aka ce duk wanda 'yan sanda suka rubuta sunansa an janye masa. Shekara shida tana nema kafin ta samu. Ta bar 'ya'ya biyu wajen Inna, ta bar Baban yara yana koyon dafa shayi da kansa, makarantar da take koyarwa ta yi mata walima har da jawabi. Yanzu a ce Malama ta dawo bayan wata uku. Me ya faru? Sata. Satar me? Wandon jariri.

Ta hau sama da gudu, ta kulle ƙofa, ta kira Likita. Ba likita ba ce tukuna, saura shekara ɗaya, amma duk 'yan gida da ke garin haka suke kiranta, kuma ita ta tarbi Malama a filin jirgi. Likita ta saurara har ƙarshe. Da farko dariya ta ƙwace mata, har tana tari.

"Yaya, kin goge su kuma?"

"Na goge."

"Kai, Yaya! Wa ya aike ki? Ban ce miki ba, a nan ko jakar mutum kika ga ta faɗi, nuna masa za ki yi da yatsa?"

"Ruwa fa za a yi, Likita. Kayan jariri."

"Ruwan ya cinye su mana! Naki ne? To ji nan, kada ki kuskura ki je taron nan. Ki zuba su a baƙar leda, ki bi ta matakalar baya, ki ajiye wajen kwandunan shara. Za a gani a ce ɓarawo ya ji tsoro ya mayar. Shi ke nan, magana ta mutu."

"In je in yi musu bayani mana."

"Da wane bakin? Ke da in mai kanti ya tambaye ki kina son leda sai ki ce masa lafiya lau? Yaya, kin san yadda ake kallonmu. Ba wanda zai tsaya jin labarin Inna da hadari. Ki yi abin da na ce, don Allah. Ina da aiki a asibiti, da na zo da kaina."

Malama ta yi yadda aka ce. Ta zazzage kwandon cikin baƙar leda, ranta yana ƙuna ganin gugarta tana lalacewa, ta ƙulle bakin, ta bi matakalar baya a hankali kamar ɓarauniyar gaske. A ƙasa, ta tura ƙofar ɗakin shara da kafaɗa. Ga kwanduna huɗu a jere. Ga kuma tsintsiya da bokiti da safar hannu ta roba a rataye, da wasu tsofaffin silifas an jera su a gefe.

Silifas ɗin mai shara ne. Wata dattijuwa ce, ita ma baƙuwa daga wata ƙasar daban, kuma duk gidan nan ita kaɗai ce in Malama ta gaishe ta take tsayawa ta jingine tsintsiya ta amsa. Makon farko ita ta kama hannunta ta nuna mata wane kwando ake zuba kwalba, wane ake zuba takarda, da yadda ake kunna abin ɗumama ɗaki. Ita kaɗai ke da makullin ɗakin nan ban da masu haya. In aka tsinci kayan nan kusa da silifas ɗinta, ba sai an kira kowa ba, an samu ɓarawo.

Malama ta daɗe a tsaye da leda a hannu. Tsoro take ji, tsoro sosai. Sai ta ja tsaki, ta juya ta hau sama. Ta kwance ledar, ta jona dutsen guga, ta sake bin rigunan direba da suka yamutse. In ma korar ta za a yi, ba za ta miƙa wa mutane kaya a cukurkuɗe ba.

Goma da minti biyu ta sauko. Kwandon ya yi mata nauyi a hannu, sai kawai ta ɗora shi a ka. Haka ta bayyana a kan matakala, mutum wajen goma sha biyu da ke tsaye gaban akwatunan wasiƙu suka juyo gaba ɗaya. Mai kula da gidan tana tsakiya, makullai a ƙugu, fayil a hannu. Kusa da ita wani dogon tsoho ne mai zama a hawan ƙasa, wanda Malama ta laƙaba wa Baba Agogo, don kullum bakwai da rabi daidai yake buɗe ƙofa ya ɗauki jarida, har ta daina duba waya in ta ji ƙarar ƙofarsa. Ta gaishe shi ya fi sau hamsin, bai taɓa ba ta fiye da gyaɗa kai ba. Jan alƙalami na maƙale a aljihunsa. Ba sai an gaya mata wanda ya rubuta takardar ba.

Ta sauke kwandon a gabansu. Jawabin da ta haddace a matakala ya gudu ya bar ta, sai guntaye.

"Ni ce," ta ce da yarensu. "Ruwa ya zo. Na ɗauka. Ban san masu su ba."

Kowa ya dubi kwandon. Wata matashiya mai goyo a ƙirji ta fara matsowa, ta fizge kayan jaririn, ta shinshina, fuskarta ta yi ja. Ta yi magana da sauri, Malama ba ta kama komai ba sai "kwana tara" da "ɗana". Ba ta buƙatar fassara. Ta sunkuyar da kai, don matar tana da gaskiya.

Direban, wani gajere mai tumbi, ya ɗaga rigarsa ya juya gaba ya juya baya. Ya bi maɓallan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya sake bi.

"Wannan ai ba ta da maɓalli a nan," ya ce. "Tun bara."

Baba Agogo ya matso. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki rigar sanyin, ya sa tabarau, ya nemo gwiwar hannun hagu. Ya matsa kusa da taga, ya kai ta saitin haske, ya ja saƙar ta nan ya ja ta can. Malama ta ji kamar ɗalibar da aka karɓi littafinta a gaban aji.

"Me ya sa ba ki rubuta takarda ba?" Ya yi maganar a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, yadda za ta gane. Ya nuna allon sanarwa da ke bayansa, wanda take wucewa kullum sau biyu ba ta taɓa ɗaga kai ta duba ba. Takardu uku ne a jiki masu jan rubutu, ta farko tun kwana takwas.

"A wurinmu ba a rubutawa," ta ce. Ta haɗa da Turanci, ta haɗa da hannu. "Mai kaya yana fitowa tsakar gida. Ya ɗaga murya. Ya ce, wa ya kwashe mini shanya? Sai a ce, ga su nan."

"Ya ɗaga murya."

"E."

"A tsakar gida."

"E."

Direba ya tuntsire da dariya, ya toshe baki da rigarsa. Mai makullai ta harare shi, ta buɗe fayil, ta ce doka dai doka ce, an shigar da ƙara a rubuce, kuma ita ba za ta iya sharewa ba sai wanda ya shigar ya janye. Kowa ya dubi tsohon. Malama ba ta san sanda gwiwoyinta suka lanƙwashe ba, ta rusuna kamar yadda take yi wa kawunnanta.

"Baba, ka yi haƙuri."

Tsohon ya ja da baya kamar an watsa masa ruwa. "Tashi, tashi! Ni ba mahaifinki ba ne." Ya gyara tabarau. Ya juya ga mai makullai. "Shekara talatin da ɗaya na yi ina rubuta shari'a a kotu. Na ga ɓarayi iri-iri. Ban taɓa ganin wanda ya yi guga ba." Ya zaro jan alƙalamin, ya karɓi fayil ɗin, ya ja layi ɗaya a kan takardarsa, ya sa hannu, ya duba agogo ya rubuta lokaci.

Malama ta ji numfashinta ya dawo. Hawaye suka cika mata ido, ta yi ta godiya da duk yaren da ya zo bakinta. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ɗaga gwiwar rigar ya nuna mata.

"Yayata ce ta saƙa wannan, kafin idonta ya tafi. Zarenki bai dace ba, ya fi nata duhu." Ya shafa wurin da yatsa. "Amma ɗinkin ya kama."

Mai makullai ta ce za a rubuta mata gargaɗi a ajiye a fayil, ba 'yan sanda, ba jami'a. Mai goyo ta wuce da kayanta ba ta dubi kowa ba, aka ji ta buɗe ɗakin injin wanki, za ta sake wanke su. Tsohon ya tsaya a gaban Malama ya ɗaga yatsa.

"A gidan nan ba a taɓa kayan wani. Kin gane?"

"Ko za a yi ruwa?"

"Ko za a yi ruwa."

"Su jiƙe?"

"Su jiƙe. Za su bushe."

"To," ta ce. A ranta kuwa cewa ta yi, Allah mai iko, ka ji mutane.

Ta shiga aji a makare, ta zauna a baya. A bas ta tura wa Likita saƙo cewa ƙura ta lafa, Likita ta amso da cewa wallahi addu'ar Inna ce ke bin ta, kuma daga yau ta ɗaure hannayenta a baya in ta ga igiya. Malamin yana ta zane a allo, ita kuwa hamdala take yi a zuci, ta yi wa tsohon addu'a, ta yi wa direba, ta yi wa mai shara da ba ta ma san an yi ba. Har mai goyon ta sa a ciki.

Wajen ƙarfe uku ajin ya yi duhu, aka kunna fitila. Ta waiga taga, sai gabanta ya faɗi. Shanyarta! Da safe tsabar ruɗewa ta bar komai a igiya. Farar rigar gwaje-gwaje tana can, gobe da sassafe take da aiki da ita, kuma dab da ita ta shanya jan zanin da Inna ta ba ta, wanda ko raɓa ta taɓa shi sai ya zuba. Ta san kuma ba mai taɓawa. Yau da bakinta ta amsa dokar.

Kafin a tashi ruwa ya sauko. Bas ya yi ta rarrafe a cikin cunkoso, ta sauka ta ruga da jaka a ka, takalmi yana shan ruwa, ta ratsa zauren shiga ta tura ƙofar tsakar gida. Nan ta ja birki.

Baba Agogo ne tsaye a gindin igiya, sanye da shuɗiyar rigar sanyin. Lema biyu ce a hannunsa, baƙa a dama, wata mai furanni a hagu, ya ɗaga su sama iya tsawon hannunsa. Ɗaya ta rufe farar rigar, ɗaya ta rufe jan zanin. Sauran kayan sun jiƙe sharkaf, ba yadda zai yi da su. Shi kansa ba abin da ya rufe shi, ruwa na bin furfurarsa yana gangarowa ta kan tabarau.

"Ban taɓa ba," ya ce da ƙarfi, don ruwan na da ƙara. "Ko ɗaya ban taɓa ba."

Malama ta tsaya a cikin ruwan tana kallonsa. Dariya da kuka suka taho mata tare, ta rasa wanda za ta fara.

"Motarki ta makara da minti goma sha ɗaya," ya ce. "Yi sauri, hannuna ya gaji."

Ta jefar da jaka a dakali ta hau cire kaya. Ta fara da farar rigar, ko ɗigo babu a jikinta, ta cusa ta cikin mayafi. Tana matsawa yana bin ta da lemar mai furanni, taku ɗaya-ɗaya, yana kula kada ko gefen hannunsa ya gogi wani abu. Da ta cire na ƙarshe ta rungume su a ƙirji, ta ɗago ta dube shi, jiƙaƙƙen tsoho da gwiwar hannu mai zare kala biyu.

"Sannu, Baba. Allah ya saka da alheri."

Ya rufe baƙar lemar, ya kakkaɓe ta, ya duba agogonsa. Wannan karon bai hana ta kiran shi Baba ba.